Shiga Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo na Kiɗa da Waƙa: Jagora ga Sabon Ɗalibi

Gabatarwa

A duk farkon shekarar karatu, da zarar an kammala rajista, ƙungiyoyin ɗalibai kan fito neman sababbin mambobi. Daga cikinsu akwai na addini, da na jiha ko ƙaramar hukuma, da na sashe, sannan akwai masu shirya wasan kwaikwayo da kiɗe-kiɗe. Masu iya magana kan ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, don haka sabon ɗalibi kan rasa wadda zai shiga da wadda zai bari. Ƙungiyar wasan kwaikwayo kuwa ita ce aka fi sha'awa, kuma ita ce aka fi jin tsoro. Wani na tsoron abin da iyayensa za su ce, wata na tsoron a kira ta marar kamun kai, wani kuma na tsoron a yi wa Hausarsa dariya.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana mene ne wasan kwaikwayo na kiɗa da waƙa, da tushensa a ƙasar Hausa, da yadda ake shiga ƙungiyarsa, da amfaninsa ga ɗalibin harshe, da kuma matsalolin da ke tattare da shi. An fi mayar da hankali ga ɗaliban da suka fito daga Suleja da kewayenta, musamman ire-irenmu da Hausa ba ita ce harshenmu na farko ba.

Ma'anarsa

Wasan kwaikwayo na kiɗa da waƙa shi ne wasan da ake isar da labarinsa ta hanyoyi huɗu a haɗe: magana da waƙa da kiɗa da rawa. Abin da ya bambanta shi da wasan da aka yi wa ado da waƙa kawai shi ne, a nan waƙar tana da aikin yi a cikin labarin. Idan aka cire ta, labarin zai sami giɓi. Misali, maimakon amarya ta tsaya ta yi dogon jawabi a kan baƙin cikin rabuwa da gidansu, sai ta rera shi, ƙawayenta suna amsawa, kuma kafin waƙar ta ƙare mai kallo ya fahimci abin da ke zuciyarta da abin da ta yanke shawarar yi.

A ƙasashen Turawa wannan fanni ya fi shahara a unguwar Broadway ta birnin New York a Amurka da kuma West End ta birnin Landan. A kudancin Nijeriya, Hubert Ogunde ya fara irin nasa da harshen Yarbanci a shekarar 1944, Duro Ladipo kuma ya fito da Oba Koso a farkon shekarun 1960. A shekarar 2009 an nuna wasan Fela! a Broadway a kan rayuwar Fela Kuti, aka kawo shi Legas a 2011, sannan a 2013 Bolanle Austen-Peters ta shirya wasan Saro a Legas.

Tushensa a Ƙasar Hausa

Mai karatu zai iya zaton wannan baƙon abu ne a wurin Bahaushe. Ba haka ba ne. Mafi yawan wasannin kwaikwayon gargajiya na Hausa da waƙa ake yin su. Tashe, wanda yara da matasa kan fara idan watan azumi ya kwana goma, shi ne babban misali. A wasa irin Jatau Mai Magani, yaro ɗaya kan yi shigar boka ya baza kayan magani yana waƙa, sauran suna amshi. Akwai ɗan wasa, akwai sutura, akwai kayan wasa, akwai 'yan amshi, akwai 'yan kallo, akwai kuma darasi. Haka nan wasan kalankuwa da samari da 'yan mata kan yi da kaka suna kwaikwayon sarauta, da wasan gauta da matan fada kan yi suna kwaikwayon sarki da fadawansa, da 'yan kama masu kwaikwayon malamai cikin raha, duk ba su rabuwa da kiɗa ko waƙa.

Wasan kwaikwayo na zamani kuwa ta hanyar makaranta ya shigo. A shekarun 1930 Dokta R. M. East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa, kuma a ƙarshen waɗannan shekaru Malam Aminu Kano ya riƙa tsara wasanni yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna. Daga baya aka sami Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu (1959) da Jatau na Kyallu (1960) na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. A 1975 Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama wasan dandamali.

A ɓangaren jami'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ta buɗe hanya a Arewa. A tsakiyar shekarun 1970 Michael Etherton ya jagoranci fara koyar da wasan kwaikwayo a can, aka kuma gina gidan wasa da ƙasa bisa tsarin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da fili, wanda wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara. Malamai irin su Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun riƙa fita da ɗalibai zuwa Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo, su zauna da jama'a su ji matsalolinsu, sannan su tsara wasa da Hausa a kan waɗannan matsaloli, tare da waƙoƙi da kiɗan mutanen wurin. A Jamhuriyar Nijar ma, ƙungiyoyin wasa na Damagaram da 'yan wasa irin su Yazi Dogo sun yi suna da wasannin Hausa.

Har ila yau, kada a manta cewa masana'antar finafinan Hausa daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta tsiro. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, kuma bayan fitowar Sangaya a 1999 rawa da waƙa suka ƙara samun gindin zama a finafinan. Saboda haka ɗalibin da ya shiga ƙungiyar wasa a jami'a ya hau hanyar da manya suka daɗe da sharewa.

Guzurin Ɗan Suleja

Suleja gari ne na haɗuwar al'ummu. Sarakunan Haɓe na Zazzau ne suka yo kudu bayan jihadi, Abu Ja ya kafa garin a 1828 aka kira shi Abuja. Bayan da aka tsayar da shawarar kafa sabon babban birnin tarayya a 1976, sai birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A wannan ƙasa Hausawa suna zaune tare da Gbagyi da Koro da Gade da Nufawa da wasu ƙabilu da dama, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da tasha da makaranta.

Wannan babban guzuri ne. Yaron da ya tashi a Suleja ko Madalla ko Kwamba ko Gauraka, ya ji tambari da kakaki da algaita a hawan salla, ya ga tashe a unguwa, ya kuma ji kiɗan biki na ƙabilarsu. Idan ya tafi Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ko Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida ta Lapai, ko ta Keffi, ko Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, yana tafe da harsuna biyu ko uku da kiɗe-kiɗe iri-iri a kunnensa. Ƙungiyar wasa na matuƙar buƙatar irin wannan mutum.

Yadda Ake Shiga

Da farko, ya kamata sabon ɗalibi ya san cewa ƙungiyoyin iri uku ne. Akwai wasannin da sashen koyar da wasan kwaikwayo ke shiryawa, waɗanda galibi aikin aji ne ga ɗaliban sashen, ko da yake akan nemi taimakon makaɗa da mawaƙa daga waje. Akwai reshen wasan kwaikwayo na Ƙungiyar Hausa, wanda kan yi fice a lokacin Makon Hausa, ko bikin Ranar Hausa ta Duniya da aka fara a 2015 ake kuma yi duk ranar 26 ga Agusta. Sai kuma ƙungiyoyin al'adu na ɗaliban jihohi da na ƙabilu. Ga ɗalibin harshe, na biyun ya fi kusa, kuma ya fi sauƙin shiga.

Mataki na farko shi ne bincike. A tabbatar ƙungiyar tana da rajista da ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma tana da malami uban ƙungiya wanda aka san sunansa da ofishinsa. Duk ƙungiyar da ba ta da waɗannan biyu, ko take kiran taro a ɓoye, ko take neman a yi mata rantsuwa, a guje ta, domin ƙungiyoyin asiri kan fake da sunaye masu daɗi wajen farautar sababbin ɗalibai.

Mataki na biyu shi ne zuwa kallon bita sau ɗaya ko biyu kafin a cike takarda. A nan ɗalibi zai ga lokacin da ake farawa da tashi, da yadda manya ke magana da ƙanana, da yadda ake mu'amala tsakanin maza da mata, da ko ana tsayawa idan lokacin salla ya yi. A kuma tambayi kuɗin shiga da na wata-wata tun da wuri, a karɓi rasit.

Mataki na uku shi ne gwajin tantancewa. Yawanci akan ba mutum ɗan guntun rubutu ya karanta da ƙarfi, a ce ya rera gajeriyar waƙar da ya iya, a yi tafi ko a kaɗa ganga a ga ko zai iya bin kiɗa, wani lokaci kuma a ba shi wani hali ya kwaikwaya nan take, kamar mai sayar da doya da aka yi wa tayin wulaƙanci. Abin da masu tantancewa ke nema shi ne muryar da za ta kai ƙarshen ɗaki, da kunnen da ke riƙe kari, da mutumin da ke karɓar gyara. Saboda haka a zaɓi waƙar da aka saba da ita ko da ta yara ce, ko da ba da Hausa take ba, a bar wadda za ta fi ƙarfin maƙogwaro.

Ayyukan Cikin Ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda ake gani a kan dandamali kaɗan ne daga cikin masu aikin. Akwai marubuci mai tsara wasa kashi-kashi da fitowa-fitowa. Akwai darakta mai ba da umarni. Akwai mai tsara waƙoƙi, da jagoran waƙa, da 'yan amshi. Akwai makaɗa, masu kalangu da ganga da kotso da gurmi da garaya da sarewa, da mata masu kiɗan ƙwarya ko shantu, da mai fiyano idan ana da ita. Akwai mai koyar da rawa, da mai kula da sutura da kwalliya, da mai tanadin kayan wasa, da mai fitilu da lasifika, da mai kula da dandamali wanda ke riƙe da rubutun wasa yana sanar da kowa lokacin shigarsa. Akwai kuma masu talla da sayar da tikiti.

Wannan yana nufin ɗalibin da ba ya son fitowa gaban jama'a, ko wanda iyayensa ba su yarda ya yi rawa ba, yana da wurin zama. Ɗalibin Hausa musamman yakan yi amfani wajen gyara rubutun wasa bisa ƙa'idojin rubutu, da fassara, da tattaro karin magana da kirari da waƙoƙin gargajiya daga bakin tsofaffi.

Sabon shiga kuma kada ya sa ran babban matsayi a wasansa na farko. Yawanci daga amshi ake farawa, kuma nan ce makaranta ta gaskiya, domin ɗan amshi ne ke koyon numfashi da sauraro da shigowa a kan kari.

Yadda Ake Shirya Wasa

Shiri kan fara da zaman karatu, inda kowa zai zauna a karanta wasan daga farko zuwa ƙarshe, a tattauna jigonsa da halayen taurarinsa. Daga nan sai a rabu: mawaƙa da makaɗa su koyi waƙoƙi, masu rawa su koyi taku, 'yan wasa su haddace maganganunsu. Sai darakta ya tsara tsayuwa da motsin kowa a kan dandamali, wato inda za a shigo, da inda za a tsaya, da inda za a fita. Bayan haka a haɗa sassan wuri ɗaya, kuma a nan ne aka fi shan wahala, domin dole magana ta miƙa wa waƙa hannu ba tare da an ji tsaiko ba. A ƙarshe akan yi cikakkiyar bita da sutura da fitilu kamar ranar wasa. Duk wannan kan ci makonni da dama, kuma makon ƙarshe kusan kullum ake haɗuwa.

Amfaninsa ga Ɗalibin Harshe

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Wanda aka haifa cikin harshen ba ya jin wannan giɓi, amma mai koyo yana jin sa. Kalmar gari tana nufin wurin zama idan wasalin farko gajere ne, tana nufin niƙaƙƙen hatsi idan dogo ne. Kalmar kuka tana nufin zubar da hawaye idan gaɓoɓin biyu suna sama, tana nufin itaciya idan ta biyun ta faɗi ƙasa. A aji malami zai yi bayanin wannan a kan allo. A wurin bita kuwa kunne ne zai koya, domin waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi take tafiya. Wanda ya gajarta dogon wasali zai riga kiɗa isa, kowa kuma zai ji. Kalangu ma malami ne, saboda makaɗi na matse tsarkiyarsa ko ya sassauta don sautin ya hau ko ya sauka kamar yadda magana ke yi.

Haka abin yake ga baƙaƙe masu ƙugiya. Bambancin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ko daidai da ɗaiɗai, yana iya juya ma'anar fitowa guda. Wanda ya maimaita layi ɗaya sau da yawa a gaban darakta mai kunne, harshensa kan faɗa. Akwai kuma batun jinsi. A Hausar Suleja da sauran yankunan kudancin ƙasar Hausa akan ji rigan maimakon rigar, ko mota na maimakon motata. Wannan ba abin kunya ba ne a magana ta yau da kullum, amma a jarrabawa daidaitacciyar Hausa ake nema, kuma haddace rubutaccen wasa na saba wa baki da ita.

Bugu da ƙari, wasa kan koyar da abin da ƙamus ba ya koyarwa: yadda ake gaida sarki, da yadda mace ke sakaya sunan mijinta ko ɗanta na fari, da yadda ake habaici da zambo da barkwanci, da bambancin karin harshe, kamar inda Basakkwace zai ce shina Bakano ya ce yana. Idan aka zo darasin adabin baka ko nazarin wasan kwaikwayo, wanda ya taɓa tsayuwa a dandamali ya riga ya ga abin da ake bayani da idonsa.

Matsaloli da Hanyoyin Magance Su

Matsala ta farko ita ce lokaci. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma karatu ne ya kawo ɗalibi jami'a. Yawancin jami'o'inmu na sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a zauna jarrabawa, kuma makin shekarar farko yana bin mutum har ya fita. Dabara ita ce a shiga ƙungiya ɗaya tak, a nuna wa darakta jadawalin laccoci tun ranar farko, a karɓi ƙaramin aiki a zangon farko, a kuma ajiye bita idan jarrabawa ta matso. Ɗalibin da ke zuwa makaranta daga gida, ya sa kuɗin mota da lokacin komawa cikin lissafinsa.

Ta biyu ita ce ra'ayin gida. A al'adar Bahaushe kiɗa da waƙa sana'a ce ta gado da ake dangantawa da roƙo, wasu iyaye kuma suna da hujja ta addini, musamman a kan rawa da cuɗanyar maza da mata. Ɓoye musu ba mafita ba ne. Gara a yi musu bayani cewa wasan kwaikwayo reshe ne na adabin da ake nazarta a sashe, a gaya musu aikin da za a yi da lokacinsa, in da hali a gayyace su ranar wasa. Idan suka gindaya iyaka, a tsaya a kanta, tunda an ga cewa akwai ayyuka da yawa a bayan fage.

Ta uku ta shafi 'yan'uwanmu mata. Bitar dare da komawa ɗakin kwana cikin duhu abin dubawa ne. Ƙungiya ta gari takan yi bita a wuri sananne cikin makaranta, ta tashi da wuri, ta kuma tabbatar an tafi rukuni-rukuni. Duk wanda ya nemi wani abu daga ɗaliba kafin ya ba ta matsayi a wasa, a kai maganarsa ga uban ƙungiya ko ofishin harkokin ɗalibai ba tare da jinkiri ba.

Ta huɗu ta shafi mu masu Hausa a matsayin harshe na biyu. Akwai daɗaɗɗiyar al'ada a wasannin Hausa ta fito da baƙon harshe a matsayin abin dariya, tun daga tashen Macukule har zuwa finafinai masu ɗan Gwari ko Inyamiri. Barkwanci tsakanin ƙabilu yana da gurbinsa, kuma yakan ƙara zumunci. Amma idan ya zama duk wasa wannan matsayi kaɗai ake ba mutum, to ba zai ƙaru da komai ba, domin kuskuren da ya zo gyarawa shi ake sa shi ya ƙara kambamawa. Ɗalibi na da damar ya ce wa darakta cikin ladabi yana son a gwada shi a wani matsayin, ko alƙali ne ko malami ko uban amarya. Su ma masu rubuta wasa ya dace su tuna cewa a gari irin Suleja, Bagbagyi mai Hausa yana iya zama likita ko shugaban makaranta ko limami, kuma dandamali madubin al'umma ne.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa wasan kwaikwayo na kiɗa da waƙa yana da tushe mai zurfi a al'adun Hausawa, kuma jami'o'in Arewa sun daɗe suna raya shi. An ga matakan shiga, da ire-iren ayyukan da ke ciki, da yadda yake gyara wa ɗalibin harshe kunne da baki. An kuma ga cewa yana da tsada ta fuskar lokaci, yana buƙatar yardar gida da kula da mutunci. Shawara ga sabon ɗalibi ita ce ya bincika, ya je ya kalli bita, ya auna da jadawalin karatunsa, sannan ya yanke hukunci. Ga shugabannin ƙungiya kuma, su buɗe ƙofa ga kowa, su karɓi waƙoƙin da baƙi suka zo da su daga gidajensu, su yi gyara ba tare da izgili ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, amin.